Faci a Kan Dutsen Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Ya karatu, ya sanyin garin naku? Mu nan lafiya lau sai godiya. Gwiwar nan ce dai take ta yi mini tsiya, in na durƙusa sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe, amma ina shafa man da kika bari, kada ki sa abin a ranki. Kawunki ya zo ya gyara mana famfo. Ya gyara shi dai irin gyaransa, da ta baki yake ɗiga, yanzu ta wuya yake ɗiga. Yana gaishe ki.

Wurin aiki ma lafiya. Kayan otal sun yi mana yawa a gidan wankin, zannuwan gado duk sun cinye ta gefe, ni ce da allura daga safe har a tashi. Mai wurin ya ce a yar da wasu, na ce a kawo mini tukuna. Na yi musu facin da shi kansa ya ɗaga zani a rana yana neman wurin, bai gani ba.

To, dutsenki. Na san shi kike so in fara da shi, na ƙi ne da gangan. Yana nan bayan tanki cikin tire inda kika ajiye shi. Kullum da safe ina fesa masa ruwan saman da ke jarka, ban taɓa sa masa na famfo ba, kamar yadda kika ce. Gansakukar tana nan kore shar. Ni dai har yau in na tsuguna ina yi wa gansakuka wanka sai na waiga in ga ko wani na leƙe ta katanga. Duk rayuwata kankare ta nake daga bango da buroshi, yau ga ni ina yi mata hidima kamar jaririya. Amma tunda kin ce masu fasa dutse sun cinye wurin da kika ɗauko ta, kuma karatunki gaba ɗaya a kanta ya rataya, to zan yi ta reno har takardar izinin ɗaukar tata ta fito ki zo ki kwashe kayanki.

Yanzu ga labari. Ina dawowa daga aiki, a kwalbatin nan na gaban shagon mai walda, sai na ji motsi. Na leƙa, ashe tsuntsuwa ce baƙa, zaren buhu ya nannaɗe mata ƙafa da fiffike. Goshinta ja kamar an ɗiga mata jan farce, ƙarshen bakin rawaya, yatsunta dogaye kamar na mai kaɗa garaya. Mai walda ya ajiye aikinsa ya zo ya duba, ya ce kazar ruwa ce, wai in kai gida in yanka. Na ce kai dai komai ka gani tukunya ce take faɗo maka a rai. Ya ce to Hajiyar allura, in ta mutu a hannunki kada ki manta da maƙwabta. Na zaro almakashina na yanyanke zaren, fiffike ɗaya ya saki, ba ta iya ɗaga shi. Na naɗe ta a gyale na kawo gida, tana ta sarana a hanya.

Na rasa inda zan sa ta. Tsakar gida rana, ɗaki kuma ta ƙi, sai kakkaɓi take a ƙarƙashin gado. Sai na kai ta bayan tanki tunda nan ne kawai yake da sanyi da laima, na tara mata ruwa a baho. Na ce mata ga 'yar gida nan a tire, ku zauna lafiya. Tana cin shinkafar da ta kwana, tana cin ganyen da na yanka mata, in na dawo daga aiki na turo ƙofa sai ta yi wani ɗan kuka, kurruk. Kin san an daɗe ba a amsa mini sallama ba a gidan nan.

Ga hotonta nan. Na san za ki ji daɗi, ke da kullum kike cewa halittu suna ƙarewa. Ki duba mini a littattafanku ko tana cikin masu ƙarewar. In haka ne kin ga ni ma na taɓa aikin jami'a.

Allah Ya yi miki albarka.
Mamanki

*

Mama,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sanyi ne kawai. Ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, muna ɗakin gwaje-gwaje kullum, ba a shiga da waya. Gwiwar nan ki kai ta asibiti, man shafawa ba magani ba ne. Ki gaishe da Kawu, ki ce ya bar famfon nan haka kafin ya fara ɗiga ta ƙafa.

Na ga hoton. Kazar ruwa ce kuwa, mai walda bai yi kuskure ba. Sai dai sunan kawai ta ara, ba ta haɗa dangi da kajin gida ba, ba ta haɗa da agwagwa ba. In aka bi salsala, da gauraka suke da zumunci na nesa.

Kin ce in duba miki ko tana cikin masu ƙarewa. Akwai jerin da masana suke yi wa halittu hawa-hawa. Can sama waɗanda suka riga suka ƙare, sai waɗanda ke bakin ƙarewa, sai na cikin haɗari, a yi ta saukowa har a zo kan waɗanda ba a fargaba a kansu. Baƙuwarki a hawan ƙasa take, Mama. Suna nan birjik a duniya, duk inda tafki yake da ciyayi za ki same su. A nan ma bayan ɗakin karatu akwai su, ba wanda yake ko kallonsu.

Ita kuwa gansakuka tsiro ce, amma ba ta fure, ba ta iri, ba ta da saiwa ta gaske, wata 'yar ƙura take saki ta yaɗu. Danginsu dubbai ne, yawancinsu ba abin da ya same su, irin wadda kike kankarewa a bango. Tawa ce daban. In abin da ni da malamata muke zato ya tabbata, wurare kaɗan aka taɓa ganin ta, ɗaya kuma ya riga ya tafi a motar masu fasa dutse. Ita a kusa da hawan sama take.

Saboda haka don Allah, yau ɗin nan ki raba su. Kazar ruwa da baki take rayuwa, tsince-tsince take duk yini, kuma abu mai laushi da laima irin wannan ba za ta bar shi ba. Ki mai da ta banɗaki ko ko'ina, amma ban da bayan tanki. Ki turo mini hoton dutsen da zarar kin karanta.

Taki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu? Na ga saƙonki tun ranar, ayyuka ne suka sha mini kai. Gwiwa da sauƙi. Kawunki ya ce a faɗa miki wanda ya san gyaran famfo ya zo ya gwada.

Ashe 'yar gidan gauraka ce, shi ya sa take tafiya tana ɗaga wutsiya kamar wadda aka yi wa sarauta. Na faɗa wa mai walda, ya ce ko 'yar gidan wa ce dai nama ce. Ban ji daɗi ba da kika ce ba wanda yake ko kallonsu, amma ke kika san karatunki.

Na raba su. Na mai da ta banɗaki, na kuma jingina wani guntun kwano a bakin lungun tanki.

Mai wurin aikinmu ya sayo sabuwar na'urar wanki, ƙararta kamar jirgi zai tashi. An yi ruwa jiya, na cika jarka. Farashin allura ma ya tashi, abin da ba a taɓa ji ba.

Ga hoton dutsen nan. Ki yi haƙuri ya ɗan jima, sai da na jira haske mai kyau.

Mamanki

*

Mama,

Na ga hoton a hanyar aji, na tsaya a tsakiyar titi ina kallo har wani mai keke ya kusa kwashe ni. Mama, ya cika. Lokacin da na bar shi akwai ɗan fili ta gefen hagu, yanzu duk ya rufe. Ban san me kike yi masa ba, amma hannunki ya fi na ɗakin gwaje-gwajenmu.

Na kai wa malamata hoton. Kin san ta, ba ta cika murmushi ba, amma ta cire tabarau ta sake kallo, ta ce in har irin nan yana iya cika haka a tire a bayan gida, to za a iya renonsa a mai da shi daji, kuma wannan shi ne babban abin da aikina zai nuna. Ta sa sunana cikin waɗanda za su yi bayani a gaban manyan malamai a ƙarshen wata, hoton da kika turo ne zai fito a bango. Ta kuma ce za ta matsa a kan takardar izinin.

Na san na ɗora miki nauyi, ga aiki ga gwiwa. Ba wanda ya kai ki riƙon amana, Mama, shi ya sa ke na bar wa.

Ya baƙuwar taki? Ki shafa mini kanta in ta yarda.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, gwiwa ma tana nan yadda take. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kada ki karanta a titi.

Kada ki sa hoton nan a bangon kowa. Ƙarya ce a ciki, kuma ni na yi ta.

Saƙonki na cewa in raba su ya zo ne bayan abin ya riga ya faru. Da safen ranar na je da jarka, na tarar da tsakiyar dutsen fayau kamar kan mai ƙora, sai ɗan kore-kore da ya rage ta gefe. Baƙuwar tana tsaye a kan tiren, da guntu a bakinta. Na kore ta, na ɗauki bahonta na watsar a magudana don haushi. Sai da ruwan ya tafi na ga guntayen gansakukar da ke yawo a kansa. Abin da ba ta ci ba, ni na zubar da hannuna.

Na ɗauki waya in faɗa miki, sai ga saƙonki ya shigo, ana ta hawan sama da hawan ƙasa. Na karanta na ajiye. Na tafi aiki ban san me na ɗinka ba ranar.

To kin san bayan gidan wankinmu, inda na'urori suke zubar da ruwa, bangon nan kore ne tun daga ƙasa har ƙugu. Na fita shanya sai na tsaya ina kallonsa. Auta, ni fa aikina ke nan. Shekara da shekaru in abu ya ɓule a gabana ba na tsayawa kuka, zare nake nema mai kala ɗaya. Ban ma yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya je ya ɗauko reza. Na bi bangon ina zaɓe, wannan ta yi duhu, wannan ta yi haske, har na samu wadda ta yi daidai a idona. Na yanko ta falle-falle, na jera a jiƙaƙƙen tsumma na sa a jaka. Da na zo gida na shimfiɗa ta guntu-guntu a kan dutsen, na sa bakin allura ina cusa gefenta ƙarƙashin taki don kada a ga mahaɗa. Har ɗan filin gefen hagun da kika bari na rufe, tunda hannu ya riga ya saba ba ya barin rami. Na yi ta fesa ruwa na jira ta kama, sannan na ɗauki hoto. Hasken da na ce ina jira ke nan.

Na ce a raina gansakuka dai gansakuka ce, kafin Auta ta zo ta ainihin ta sake tsirowa a ƙarƙashi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kin riga kin rubuta mini cewa danginsu dubbai ne. Na karanta, na gane sarai, ba zan ce miki ban gane ba. Na tura maganar gefe ne kawai.

Sai kuma kika rubuto wai ba wanda ya kai ni riƙon amana. Na karanta layin nan a wurin aiki, na karanta a mota, na karanta a bakin murhu har abinci ya kama. Na ce yarinyar nan ta gane, kunya ce ta hana ta fito fili, ta bar ni ne in kawo kaina. In haka ne, to ga ni na kawo. In kuma ba ki gane ba, to ya fi muni, don da kin tsaya gaban manyan mutane da facina a bayanki.

Akwai saura. Baƙuwar ba ta zama a banɗaki. Ta gano hanya ta ƙarƙashin kwanon, na sha dawowa in same ta a lungun. Yanzu na kife kwandon wanki a kan dutsen na danne da bulo. Ya kamata in ce na tsane ta. Na yi ƙoƙari. Jiya na hana ta abinci har azahar, sai na ga tana bina da ido, ita ba ta san karatun kowa ba, ni ce na kai ta na ce su zauna lafiya.

Ki faɗa wa malamarki gaskiya, ki ce uwarki ce, kada laifin ya hau kanki. Ki faɗa mini abin da zan yi. Ban taɓa komai ba tun daga lokacin, ruwa kawai nake fesawa, ban san ma ko wa nake shayarwa ba.

Mamanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Shiru na ji. Na kira, ba ya shiga. Na kai wa mai walda wayar ya duba ko ita ce ta lalace, ya kira kansa da ita ta shiga lafiya, ya ce Hajiya wayarki ƙalau, sai dai in mai wayar ce ta yi laifi. Wasa yake, bai san komai ba. Na karɓi abata na taho.

Ba na cewa ki yafe mini yanzu. Ki yi fushinki, hakkinki ne. Amma ko kalma ɗaya ki turo in san kina lafiya, ko ta hannun Kawunki ne in ba kya son yi mini magana. Ban faɗa masa ba tukuna. Ya zo ya ga kwando da bulo a bayan tanki, ya ce me aka kama, na ce ya je ya ji da famfonsa.

Koren yana ƙaruwa a ƙarƙashin kwandon. In da da ne, da sai in yi murna.

Mamanki

*

Mama,

Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Ba gaba nake da ke ba. An kai mu daji ne aikin fili, can cikin duwatsu inda ba sabis, tafiyar ta zo ba shiri ban samu na sanar da ke ba. Sai da muka sauko tasha saƙonninki biyu suka shigo tare.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na rubuta miki amsa mai zafi a cikin motar, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa. Gara da ba sabis a rabin hanyar.

Maganar amana da na rubuta, ba habaici ba ne. Ban gane komai ba, yadda na rubuta haka nake nufi. Amma akwai abin da ya kamata in gane. Na san irin nan ba ya cika da sauri haka, ni na auna shi da hannuna kafin in tafi. Da na ga hoton wani abu ya ce mini ki tsaya ki duba, na ƙi tsayawa don labarin ya yi mini daɗi, na ruga wurin malama. Wannan nawa ne, ba naki ba.

Na faɗa mata. Sai ta cire sunana daga masu bayanin ƙarshen wata, ta tambaye ni abu ɗaya, nawa ya rage na ainihin. In akwai saura mai rai, ko kaɗan ne, aikin zai ci gaba, sai dai zan ƙara zango a nan. In babu, sai in fara sabon abu daga tushe.

Shi ya sa facin ya fi cizon tsuntsuwar haɗari. Ta bangon nan ta saba da sabulu da rana, ba abin da ke kashe ta, kuma tana da saurin yaɗuwa. Koren da kika ga yana ƙaruwa ita ce, hawa take kan tawa. Dole a cire ta duka, ba da wasa ba. Ni daga hoto ba zan iya raba su ba, sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje. Ke ce kika jera ta, ke kaɗai kika san inda kowane guntu ya fara da inda ya ƙare. Ki sa allura mai tsabta, ki ɗaga naki a hankali, kada ki kankare. Abin da kika cire ki kai shi nesa da gidan.

Sai baƙuwa. Na sake karanta wasiƙarki ta farko a motar. Kin rubuta cewa an daɗe ba a amsa miki sallama ba, ni kuma na tsallake layin na hau yi miki darasi, har da cewa ba wanda yake kallon irinta. Jerin nan yawan irinsu a duniya yake ƙirgawa, Mama, bai san da wadda take gidanmu ba. Na bar ki da dutse ki yi hira da shi, sannan na ji haushi don kin samo mai numfashi. Ki yafe mini wannan.

Ba zan ce ki kore ta ba. Amma lungu mai laima ɗaya ne a gidan, kuma su biyu ba za su zauna a cikinsa ba. In fiffiken ya warke, tafki ya fi mata banɗaki. Na bar miki.

Kin je asibitin?

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam, ko da yake ba ki yi sallamar ba, na yafe wannan ma. Alhamdu lillahi da kina lafiya. Asibiti ban je ba, zan je, kada ki fara.

Baƙuwar kuwa na kai ta. Na ɗauki hutu a wurin aiki na ce ina da rakiya, mai wurin ya ce Allah Ya kiyaye hanya, wa zai yi tafiya, na ce wata 'yar riƙo. Fiffiken ya warke tuntuni, ni ce na ƙi dubawa. Na sa ta a kwali na huda ramuka, muka hau mota har tafkin nan na bayan gari inda ake wanke manyan motoci ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ciyayi ne dogaye. Kwandasta ya so ya karɓi kuɗin mutum biyu da ya ji motsi a kwalin, na ce a cinyata take, in ya ga dama ya kira hukuma.

Gaskiyarki, suna nan birjik. Ina isa na ga wasu suna tafiya a kan ganyen ruwa, goshi ja, wutsiya sama, sak ita. Na buɗe kwalin, ta tsaya ta kalli nan ta kalli can, ta sare ni a yatsa na ban kwana, ta sauka ta shige ciyawa. Na jira ta fito. Wasu sun fito. Na kasa cewa ga tawa. Na zauna a kan wani dutse har gwiwa ta ce a tashi, na dawo da kwali a hannu, ban san me ya hana ni yar da shi ba.

Da na dawo na wanke hannu na tafasa allura na zauna. Na fito da tiren bakin lungun inda haske yake, na sa tabarau na aiki. Warwarar faci ta fi yin sa wuya, balle wanda ya riga ya kama. Na bi yadda na jera, daga na ƙarshe ina komawa baya. Na gefen hagu ya tashi lafiya, tunda fili ne a ƙarƙashi. Na tsakiya ma haka. Wurin mahaɗa ne aikin yake, inda na cusa nawa ƙarƙashin naki, sun riƙe juna kamar an haife su tare. Wani wurin sai na yi ta ɗaga sili ɗaya-ɗaya. Ban gama ranar ba, na ci gaba washegari. Abin da na cire na ƙulle a leda na mai da shi bangon da na ɗauko shi.

Ga abin da ya rage. Ta gefen dama akwai ziri siriri kamar bakin zani, wannan naki ne, na rantse, allurata ba ta taɓa zuwa wurin ba tun farko. Kore ne, amma ya yi laushi, ya ɗan yi ja-ja a baki. Ƙasansa akwai wani ɗan ɗigo kamar farcen ƙaramin yatsa, shi ma naki ne. Dutsen dai yanzu ba kyan gani. Ga hoto nan, ban jira haske ba.

Sai guri ɗaya. Kusa da tsagar dutsen ta sama akwai wani guntu kamar faɗin babban yatsa, kuma shi ne ya fi kowanne lafiya. Za ki gan shi a hoton, na ajiye maɓalli fari a gefensa. Ban sani ba ko nawa ne ko naki. Na tuna na sa wani abu a wajen, amma na kuma tuna akwai saura a wajen tun kafin in sa. Na kai allura na janye, na kai na janye. In na cire kuma naki ne, na kashe miki mafi kyau da hannuna. In na bari kuma nawa ne, zai cinye sauran. Abin da na yi, na share hanya fayau tsakaninsa da zirin, kullum da safe ina dubawa, in ya miƙo sili in mai da shi. Zan iya tsare shi haka na ɗan lokaci, amma ba har abada ba. Wannan sai ido irin naki da madubin nan naku. Ki tambayi malamarki ko ana ba da aronsa.

Kuma bari in faɗa miki kafin ki yi tunaninsa da kanki. Na zauna a gaban dutsen nan na tambayi kaina ko da gaske ne na kasa ganewa, ko kuwa so nake ki zo. Ni da na san ɗinkina ko a cikin zani ɗari. Na tambaya da gaske, Auta, ban samu amsa ba. Saboda haka kada ki dogara da maganata a kan wannan guntun. Ki zo ki duba.

Mamanki